Yadda Mutanen Kurmala Suka Gaida Mai Riƙo

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya shimfiɗa ƙasa ya tsaga mata hanyoyi, ya ba ƙafa tafiya, ya ba baki labari. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, ni ne Hambali wanzami, ɗan Goje wanzami, mutumin Tudun Gawo. Na yi aski a ƙasashe tara, na dafa kan mai mulki na dafa na mai talla, kuma abin da zan faɗa muku idona ne ya gani, ban da 'yan wuraren da na ƙara gishiri don kada ku yi gyangyaɗi.

Kunya ce ta fitar da ni daga gida. Ina da shekara arba'in ban iya karanta layi ɗaya ba, amma bakina bai san da haka ba. Wata rana ina yi wa wani baƙo aski, ina ta zuba masa bayani kan alwala kamar ni na rubuta littafin. Ya bari sai da na gama, sannan ya ce shi alƙali ne, kuma cikin abu bakwai da na faɗa ɗaya ne daidai, shi ma da gyara. Masu jiran aski suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Da zai tafi ya tausaya mini, ya ce a bayan Kogin Juyi akwai wani birni Kurmala, can akwai Malama Yalwa mai karantar da masu furfura ba tare da ta yi musu dariya ba. Washegari na rataya zabirata na kama hanya.

Na yi wata biyu ina tafiya kafin na kai Kogin Juyi, wanda ruwansa ke gudu gabas da safe, in azahar ta yi ya juya yamma. Ba wanda ya gaya mini haka. Na shiga kwalekwale da hantsi, na yi kwana uku ina kai da komo, har wata mai wanki a bakin gaɓa ta gaji da ɗaga mini hannu, ta jefo mini igiya.

Daga nan na faɗa Kurmin Birai, suka kama ni suka kai ni gaban sarkinsu, wani gwaggon biri mai gemu har gwiwa. Da ya ga aska ya ce in gyara shi. In ya yi kyau zan zauna wanzaminsa har mutuwa, in bai yi ba a rataye ni ta ƙafa a kan rimi. Na duba, ba wanda na so a ciki. Na aske masa rabin kai, sannan na ce a al'adar sana'armu duk wanda ya kalli sarki da rabin aski sai gashin jikinsa ya zube, don haka kowa ya rufe ido har wurin ya bushe. Biri dubu suka rufe ido, sarkin ma ya rufe. Ban tsaya da gudu ba sai da na hango ganuwar Kurmala.

A bakin ƙofa dogarai suka zazzage zabirata. Suka ga asake shida, suka ga ƙaho, suka mayar da su cikin zabira. Da suka ga ɗan dutsen da nake wasa aska da shi, sai suka yi cirko-cirko. Shugabansu, wani dogon mutum mai suna Nabara, ya ɗauke shi da yatsa biyu kamar kunama.

Ya ce, "Baƙo, ba a shiga garin nan da dutse."

Na ce, "Yallaɓai, askar fa? Ita ce mai yanka."

Ya ce, "Ba a ba mu umarni kan aska ba. Wuce."

Na shiga gari ina mamaki. Tituna a share ƙal, ko tsakuwa ɗaya babu. Na nemi maƙera don a wasa mini aska, nan na haɗu da Ɓaidu maƙeri, ƙaton mutum mai wuya kamar turmi, wanda ya ba ni masauki, shi ne kuma ya warware mini zancen. Tun kakannin kakanni, in ji shi, mutanen Kurmala ba su da sarkin gado. Duk shekara uku sai a fito da ƙore bayan sallar Juma'a, a jera su bayan zana, kowace ƙwarya da sunan mai neman riƙon gari. Kowane baligi, mace ko namiji, ya shiga shi kaɗai ya jefa tsakuwa a ƙwaryar wanda ya yarda da shi. Wanda tasa ta fi yawan tsakuwa shi ne Mai Riƙo. Haka aka zaɓi Kailani, lokacin yana mutumin kirki mai sayar da man gyaɗa. Da shekarunsa uku suka cika sai ya ce ƙoren sun tsage. Shekara ta gaba ya ce taurari ba su yi kyau ba. Daga baya ya daina ba da dalili, ya sa aka kwashe tsakuwar gari kaf aka zuba a kogi, ya hana mutum fiye da uku taruwa in ba salla ba, ya ƙwace gonakin waɗanda suka yi magana. Yanzu shekararsa goma sha ɗaya.

Saboda wannan doka, Malama Yalwa mutum biyu-biyu take karantarwa, ita ce ta uku. Ɓaidu ɗalibinta ne, abokin karatunsa kuma an kore shi daga gari, don haka na samu gurbi. Na tarar da 'yar tsohuwa ƙarama, mai haƙori huɗu da ido kamar na shaho. Ta ba ni allo, ta rubuta mini harafin farko, ba ta tambaye ni inda na kai shekara arba'in ba. Na yi kwana goma cikin jin daɗi.

A rana ta goma sha ɗaya Nabara ya zo ya tafi da ni fada. Wanzamin Mai Riƙo ya gudu, kuma Kailani ba ya yarda ɗan gari ya kusanci wuyansa da ƙarfe. Ni baƙo ne, ba dangi ba gona, don haka na dace. Na same shi zaune kan kilisai bakwai, da carbi mai 'ya'ya dubu a hannu. Na yi masa aski, ya ji daɗi, ya ce in riƙa zuwa kowace safiya.

Da Ɓaidu ya ji, sai idonsa ya yi haske. Muna zaune gaban Malama ya rage murya ya ce, "Allah ya kawo mana mafita a cikin zabira. Hambali, hannunka kawai zai zame kaɗan."

Allon ya kusa faɗuwa daga cinyata. Ni ko kaza sai na kai wa maƙwabci ya yanka mini.

Malama ta ce, "Ɓaidu, wanda ya miƙa wa wanzami wuya amana ya ba shi, ko da azzalumi ne. Jini kuma ba abin wasa ba ne a wurin Allah. Bar wannan ma. In Kailani ya mutu da safe, wa zai hau kilisan da rana?"

Ɓaidu ya ce, "Mai takobi."

Ta ce, "To shi wace ƙwarya zai fito mana da ita? Mu ba kansa muke nema ba, shawararmu muke nema a dawo mana da ita. Allah ya yabi mutanen da ke tafiyar da al'amarinsu da shawara, bai ce a samo ta da aska ba."

Ɓaidu ya ce, "Sai mu zauna ke nan, Malama? Gonar ubana tana hannunsa."

Ta ce, "Ban ce a zauna ba. Shiru gaban zalunci shi ma laifi ne. Ku ba ni lokaci in yi tunani. Hambali, karanta, ka tsaya a wuri ɗaya tun ɗazu."

Ashe mafitar daga bakina za ta fito, ba da niyya ba. Mutum in yana ƙarƙashin aska yakan saki zuciya. Wata safiya Kailani ya yi ajiyar zuciya ya ce mutanen garin nan ba su da tarbiyya, in ya fito sai kowa ya shige lungu, an yi shekara ba wanda ya yi masa sallama don Allah. Ni kuwa da ba na iya barin magana ta faɗi ƙasa, na ce a garinmu kowa yakan je ya gaida babba da safe. Kafin in wanke aska har an yi shela: daga gobe kowane baligi ya zo fada ya gaida Mai Riƙo, baki da baki.

Na koma ina jiran Ɓaidu ya murɗe mini wuya. Malama kuwa da ta ji shelar sai ta yi dariya har haƙoranta huɗu suka bayyana. Ta ce mu je mu gaya wa mutum biyu, su ma kowa ya gaya wa biyu, cewa gobe a je gaisuwa, a yi ta cikakkiya, kada a rage komai. A tsaya uku-uku da tazarar taki goma don kada a karya doka. Ba makami, ba zagi, ba ɗaga murya.

Da safe ina tsaye bayan Kailani da zabira, na hango layi ya tashi daga ƙofar fada ya bi ta kasuwa har marina. Fuskarsa ta cika da murna. Malama ce ta fara shigowa tana dogara sanda.

"Salamu alaikum."

"Wa alaikumus salam."

"Ranka ya daɗe, an tashi lafiya? Ya gajiya? Ya iyali? Ya jama'a? Ya ƙafar nan da aka ce tana damunka? Ya muka ji da zafi?"

Ya amsa duka yana murmushi. Sai ta ce, cikin ladabi, "Madalla. Ranka ya daɗe, yaushe za a fito da ƙwarya?"

Murmushin ya tsaya a inda yake. Ya ce ana dubawa. Ta yi godiya ta fita. Mai bi mata wani kurma ne mai sayar da igiya, sai an maimaita masa kowace amsa sau biyu. Shi ma da ya gama ya ce, "Yaushe za a fito da ƙwarya?" Haka na uku, haka na ɗari. Tuwon rana ya zo ya huce aka mayar. Da la'asar Kailani ya kira limamin fada ya tambaye shi ko ya halatta ya daina amsawa. Liman ya ce amsa sallama wajibi ne, kuma ya duba bai ga inda aka cire masu mulki ba. Kailani kuwa duk taƙamarsa ita ce shi mai addini ne, a sahun farko yake salla, ba zai so a ce ya bar wajibi a gaban jama'a ba.

Rana ta biyu aka yi shela cewa gaisuwar ba dole ba ce. Malama ta ce ai yanzu ma ta fi lada tunda ba tilas, layin ya ƙara tsawo. Rana ta uku ya rufe fada. Sai suka jira shi a hanyar masallaci, uku-uku, sau biyar a rana, har tafiyar taki ɗari ta koma ta rabin yini. Ya yi tunanin hana sallama gaba ɗaya, amma ko shi ya san ba a yin wannan shela a garin Musulmi. Rana ta biyar muryarsa ta koma kamar ta agwagwa. Ya kira Nabara ya ce gobe duk wanda ya tsaya a layi a watsa shi da kulki.

Na kai labari da gudu. Malama ta ce wanda ke jin tsoro ya zauna a gida, ba laifi, ita dai za ta je. Ɓaidu ya daɗe yana kallon hannuwansa, sannan ya kwance rawaninsa ya miƙo mini.

Ya ce, "Gobe ka ɗaure mini su ta baya. Na yarda da maganar Malama, amma waɗannan ba su halarci karatun ba."

Haka aka yi. Da safe mutane suka fito fiye da kullum, amma ba mai dariya. Dogarai suka jeru da kulake. Ɓaidu ya tsaya gaban Malama da hannu a ɗaure. Wani dogari ya daka masa tsawa ya matsa, bai matsa ba, ya sauke masa kulki a goshi. Jini ya wanke masa fuska. Na ga jijiyoyin wuyansa sun miƙe, na ji rawanin yana ƙara kamar zai tsinke, na ce a zuciyata yau gari zai ƙone. Dogarin ya sake ɗaga kulki. Ɓaidu ya dube shi ta cikin jinin ya ce, "Salamu alaikum."

Kafin dogarin ya yi tunani bakinsa ya riga shi: "Wa alaikumus salam." Ya tsaya da kulki a sama, ya rasa yadda ake dukan mutumin da aka yi wa fatan aminci yanzun nan. Ɓaidu ya ce, "Ya gajiya? Ya mai jiki? Na ji an ce Inna ba lafiya." Hannun dogarin ya sauko a hankali.

Nabara yana gefe yana kallo. Ya duba layin, ya duba mutanensa, ya jingine kulkinsa a bango. Ya ce, "Ni ma yau ban gaida Mai Riƙo ba." Ya taka har ƙarshen layi ya tsaya. Dogarai suka bi shi, uku-uku, da tazarar taki goma.

Na shiga fada na tarar da Kailani shi kaɗai, ya ga komai ta taga. Ya nuna mini in yi masa aski. Na jiƙa masa kai, na ɗora aska. Can ya ce da 'yar muryar da ta rage masa, "Kai ɗalibinta ne. Na sani tun tuni."

Na ce, "Haka ne, ranka ya daɗe."

"Ba su ce ka yanka ni ba?"

"An kawo shawarar, ranka ya daɗe. Malama ta hana."

Na gama gefe ɗaya na koma ɗayan. Sannan ya ce, "In na sauka za su yayyaga ni. Na san abin da na yi musu. Shekara takwas abin da ke hana ni fito da ƙoren ke nan."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ba malami ba ne, harafi tara na sani. Amma safiya goma sha tara aska tana kan maƙogwaronka, ga ka nan kana magana. Mutumin da aka fasa wa goshi yanzu yana iya karya dogarin nan gida biyu, sai ya tambaye shi jikin uwarsa. Ban ga alamar masu yayyaga mutum ba."

Ya ce in kira masa Malama. Ta shigo, ta yi sallama, ya amsa. Ya tambaye ta me zai same shi. Ta ce ba wanda zai taɓa jikinsa ko iyalinsa, ta ɗauki wannan alkawari a gaban Allah, jama'a kuma za su ɗauka. Amma gonakin mutane sai sun koma, waɗanda aka kora sai sun dawo, wanda yake da ƙara kuma zai kai shi gaban alƙali kamar kowa. Ya nemi a cire zancen alƙali. Ta ce wannan ba nata ba ne balle ta yafe.

Ya daɗe yana jan carbi. Daga nan ya tashi ya fita ƙofar fada, ni ina biye. Ya buɗe baki, murya ta ƙi fita. Sai ya raɗa mini a kunne, ni kuma na faɗa da ƙarfi, karo na farko da surutuna ya amfani wani: "Mai Riƙo ya ce ranar Juma'a, bayan an sauko."

Ba a yi guɗa ba sai da Malama ta ce, "Allah ya kai mu." Sannan gari ya ɗauka.

Ranar Juma'a aka kwaso tsakuwa daga bakin kogi, aka jera ƙore biyar bayan zana. Ɓaidu ya tsaya takara da ƙyalle a goshi, yana ganin tabon zai isa. Kailani ma ya ce a sa tasa, aka ce haƙƙinsa ne. Ni baƙo ne ba ni da jifa, sai aka sa ni cikin masu ƙirga. Wani mai gyaran rijiyoyi, Malam Ɗanjuma, wanda bai cika magana ba, shi ya yi nasara. Ɓaidu ya zo na uku, ya yi fushi kwana biyu, ya ce mutanen Kurmala ba su san alheri ba. Malama ta ce masa abin da ya tsaya a layi dominsa ke nan, mutane su ƙi shi in sun ga dama. A ƙwaryar Kailani na ƙirga tsakuwa goma sha huɗu. Da na gaya masa, ya tambaye ni sau biyu, don shi ɗaya tak ya zata, wadda ya jefa da kansa.

An yi wata guda ana shari'a. Ya mayar da gonaki, ya nemi gafarar wasu, wasu suka yafe, wasu suka ce sai a lahira. Ya koma rumfarsa ta man gyaɗa, inda aka daɗe ba a saye.

Makarantar Malama ta koma cika zaure, mu kusan talatin, duk masu furfura da masu sanƙo. Wata safiya muna tsakiyar karatu aka yi sallama a bakin ƙofa. Kailani ne, da sabon allo a hammata.  Ya ce ya yi shekara goma sha ɗaya ana karanta masa takardu, bai taɓa gaya wa kowa cewa bai iya ba. Malama ta ce ya shigo ya nemi wuri. Ya duba, tabarma a cike, kowa ya sunkuyar da kai kan allonsa, ba wanda ya motsa. Ya tsaya nan da allo a hannu har na fara jin nauyin abin.

Sai Ɓaidu ya yi tsaki, ya ja ƙaton jikinsa gefe har ya kusa danne ni, ya buga tabarma da tafin hannu.

Ya ce, "Zauna nan. Amma tawadar tawa ce, kada ka sa alƙalami sai ka tambaya."

Kailani ya zauna, ya ce, "In sa?"

Ɓaidu ya tura masa kurtun.

Iyakar abin da na gani a Kurmala ke nan. Wanda ya saurara Allah ya ba shi lada, inda na ƙara gishiri kuma Allah ya yafe wa wanzami.